Safar da ke aljihun Injiniya

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar Inna, ta yi sauƙi? Ya yara? Ni lafiya lau nake, gidan ma ba laifi, shirun ne dai ya yi yawa.

Maigidana Injiniya yana nan yana fama da radarsa, na'urar nan mai hango jirage daga nesa. Ya ce in kwalekwale ya matso kusa da babban jirgi, amsa-kuwwar babban takan bazu gefe da gefe ta rufe ƙaramin, sai a ga abu ɗaya. Aikinsa shi ne ya gyara siginar da suke aikawa har a riƙa ganin biyu. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai a gidan nan ma akwai wadda ta zama biyu." Ya ce "Uhm," idonsa na kan kwamfuta.

Yaya, ciki gare ni. Na so in sanar da shi yadda ake yi a littattafan soyayyar da nake karantawa, sai na sayo 'yar safar jarirai na ajiye masa a kan tebur. A littafi, nan ne miji yake hawaye ya riƙe hannun matarsa. Shi ɗauka ya yi ya goge tabarau, ya ce ya gode, tana da laushi.

Ba ya yi min faɗa, ban kuma rasa komai ba. Littattafan dai na mayar da su akwati. Kada ki gaya wa Inna tukuna. Ko ke ma, na so a ce shi ya riga ki sani.

Ki sa ni a addu'a. Safar tana aljihun rigarsa, kullum da ita yake tafiya aiki.

Taki,
Auta