Allurar da Ta Soke Ni Ranar Laraba

Briqueterie, Yaoundé
12 ga Mayu

Zuwa ga 'yata Safinatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Sabiru da yara. Allah Ya ƙara muku rufin asiri, amin. Mu nan sai godiya. Ruwa yana ta sauka, maƙwabciyata Goggo Rukayya ta warke daga tarin nan. Gidan dai shiru tun rasuwar mahaifiyarki, sai ni da rediyo.

Ban manta da hukuncin da kika yanke ba, cewa in ƙafafuna ba su yi sauƙi kafin Babbar Sallah ba, Sabiru zai zo ya kai ni Kano, a sayar da keken ɗinkina. Ban ga laifinki ba, tunda bara allura ta shige mini tafin ƙafa na yini da ita ban sani ba, sai jini na gani a takalmi. Kin tuna likita ta ce sukarin jinina ya hau amma bai kai ciwon sukari ba, yana tsaye ne a bakin ƙofa, kuma shi ke cin ƙananan jijiyoyin ƙafa. Ta sa na rufe ido, ta taɓa wuri goma a tafin ƙafata da wani zare mai tauri kamar na kamun kifi. Uku kawai na ji. Ta ce in bar sukari, in riƙa tafiya kullum, jijiyoyin za su iya farfaɗowa a hankali. Tun daga nan kowace safiya nake takawa da sandata har unguwar Tsinga in dawo, 'yan taksi suna ta yi mini hon.

Amma wata uku sukari ya ƙi sauka. Da likita ta bi diddigin abin da nake ci, ashe Haman mai shayi ne! Ranar da na ce masa an hana ni sukari, tausayi ya kama shi, ya rantse dattijo kamata ba zai sha shayi salam a teburinsa ba, sai ya riƙa ninka mini madarar gwangwani mai kaurin nan. Ni kuma ina ta sa masa albarka. Likita ta yi dariya har ta cire tabarau, ta ce ai kusan rabin gwangwanin sukari ne. Rashin sani ya fi dare duhu. Yanzu shayina da citta kawai, Haman yana miƙo mini yana kau da kai kamar mai ta'aziyya.

Makon jiya aka sake gwajin zaren, na ji bakwai. Ranar Laraba kuma na taka allura a gindin keke, na ƙwala ihu, Goggo Rukayya ta shigo a guje ta tarar da ni riƙe da ƙafa ina dariya ina hamdala. Shekara biyu rabona da zafin allura! Likita dai ta yi mini faɗa, ta ce kada in ƙara yawo ba takalmi.

Ga riga nan na ba direba ya kawo wa jikata Zinariya. Da ƙafar nan na taka keken, ki juya ta ki duba ɗinkin da kyau. Ki ce wa Sabiru ya zo da Sallah, zan kai shi ya ci tsiren Briqueterie, amma shi kaɗai zai koma.

Ki gaida Sabiru, da Baha'uddeen, da Lailatu, da amaryata Zinariya. Allah Ya yi muku albarka.

Mahaifinki,
Baballe Tela