Na Canja Takardar Ƙanena, Shi Kuma Bai Sani Ba

Gaisuwa gare ku masu wannan fili da masu karatu. Don Allah ku sakaya sunana, kuma ku ji ni zuwa ƙarshe kafin ku zage ni, domin na riga ku zagin kaina.

Ni malamar firamare ce a Zuru. Ƙanena, bari in kira shi Dauda, ya nemi wata makarantar koyon jinya ta mishan bara. Cikin sharuɗɗansu har da mutum ya rubuta labarin kansa da dalilin da ya sa yake son aikin. Sati biyu yaron nan yana fama da biro, sannan ya kawo mini ya ce, "Yaya, ki kai a buga da kwamfuta ki aika, ke kika san hanya." A shagon kwamfutar na karanta. Me ya rubuta? Ciwon ƙafar babanmu. Yadda Baba ya dawo daga soja da gyambo, yadda shi Dauda ya yi shekara uku yana wanke shi kowace safiya da ruwan gishiri, warin, ƙudajen, har da yadda Baba ke shan burkutu don ya samu barci. Ga Turancin duk a karkace. Kunya ta rufe ni. Asirin gidanmu za mu kai wa baƙi? Ni da takardar malanta in bar wannan ya fita da sunanmu? Na zauna na tsara masa sabo, Turanci mai ƙyalli, na ce yana karanta littattafan likitanci, ya shugabanci ƙungiyar lafiya a sakandare. Ƙungiyar da ba a taɓa yi ba. Shi na aika, nasa kuwa na yaga na zuba a kwata, na tafi gida ina jin na yi abin kirki.

Aka kira shi intabiyu, muka yi ta murna. Da ya dawo ko takalmi bai cire ba ya zauna a bakin rumbu. Ya ce sun yi ta tambayarsa sunayen littattafai da wata ƙungiya, shi kuwa ya yi tsuru, har wata mata ta girgiza kai. Ya ɗauka kowa haka ake tambaya. Sai ya ce, "Yaya, ko kalma ɗaya ba su tambaye ni a kan ƙafar Baba ba. Ashe abin da na yi bai kai a tambaya ba." Wallahi bakina ya buɗe, amma abin da ya fito shi ne, "Sai haƙuri."

Ba su ɗauke shi ba. Bana sun sake buɗe neman shiga, na roƙe shi ya gwada, ya ce idan ni da na yi karatu na duba na ce ya yi, kuma suka ƙi, to kansa ne babu komai. Yanzu kullum gudu yake yi da safe, yana shirin ɗaukar soja wata mai zuwa, Mama tana kuka a ɓoye. Idan na faɗa masa, ƙila ya sake rubutawa, amma da wane ido zai ƙara kallona? Idan na yi shiru, zai tafi yana ganin kansa daƙiƙi. Jiya ma ya kawo mini fom ɗin sojan, ya ce in duba masa kada ya yi kuskure.

Me zan yi?