Littafin da Baba Ya Karanta Mini Babu Shi a Duniya

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure. Na san masu rubuto miki da manyan matsaloli suke zuwa, na aure da na rashin lafiya, ni kuwa tawa a kan littafin yara ce. Kada ki yi mini dariya, wadda aka yi mini ma ta ishe ni.

Ni mace ce, na haura arba'in, ina da miji da 'ya'ya, ina da shagon kitso da gyaran gashi. Kwanakin baya ina cikin tsefe wa wata mai zuwa wurina kai, sai ta yi ta ƙyalƙyala dariya ita kaɗai tana kallon waya. Na tambaye ta lafiya, ta ɗago mini wayar, sai ga hoton bangon wani littafi. Sai da mataji ya suɓuce daga hannuna. Littattafan nan ne da muka tashi da su, ƙanana masu koren bango, na yarinyar nan mai jan keke da agwagwarta gurguwa da take ɗorawa a kwando. Ashe akwai zaure guda a waya na waɗanda suka karanta su suna yara. Ta saka ni a ciki, ni kuma na saka babbar yayarmu, wadda ta girme ni sosai, don na san ita ma ta san su.

Zauren akwai daɗi. Manyan mutane, wasu har da jikoki, duk sun koma yara. Wannan ya ce a ƙarƙashin tebur yake ɓoye nasa yana karantawa malami na can yana fama da lissafi. Waccan ta ce ƙaninta ya yage mata shafin ƙarshe ya yi jirgi da shi, har ta girma ba ta san yadda labarin ya ƙare ba, sai wani ya ɗauki hoton shafin ya tura mata, ta ce a ofis ta zauna tana hawaye. Wani ma cewa ya yi har yau bai iya cin naman agwagwa.

Ni ma sai na rubuta nawa, dogo. Babanmu kafinta ne. Na ba su labarin yadda da yamma, kafin ya rufe shago, yakan kaɗe garin katako daga benci da hularsa, ya ɗora ni a kai, ya zaro fensir daga bayan kunne yana bin layi da shi yana karanta mini. Ƙamshin sabon katako da na gam, ƙafafuna suna lilo ba su kai ƙasa ba, shi kuma ya toshe hanci yana yin muryar agwagwa har masu wucewa su tsaya. Na ce wanda na fi so shi ne wanda keken ya faɗa rijiya, aka sa agwagwa a guga aka zura ta, ta tarar da kasuwa guda a ƙasan rijiyar, kwaɗi na sayar da takalma. Sannan na rufe da cewa duk duniya babu wanda ya taɓa zama ya karanta mini littafi sai Baba.

Sai tambaya ta fara zuwa: wane littafi ne wannan? Wani tsohon malamin firamare da ke da su duka ya jera hotunan bangonsu, ya ce babu rijiya a ko ɗaya. Na yi musu, har da rantsuwa. Wata ta ce mafarki na yi, wani ya ce in faɗa masa abin da nake sha shi ma ya nema. Tun daga ranar, da gardama ta tashi a zauren sai a ce a tambayi matar rijiya.

Abin ya tsaya mini a rai. Na je wurin wani tsoho da ke baza tsofaffin littattafai a kan leda a bakin titi, ya tono mini wasu daga cikinsu, bangon duk ya koɗe. Na dawo shago, babu kowa, na zauna a kujerar masu kitso na buɗe. Hotunan na san su kamar tafin hannuna, har da shafin da yarinyar ta sunkuya tana leƙa wani abu mai baki zagaye. Na karanta ƙasan hoton, ashe randa ce, ɗan kunnenta take nema. Babu kasuwa, babu kwaɗi. Ko sunan yarinyar ba shi ne na sani ba. Wanda na sani, sai a lokacin na farga, sunan wasa ne da Baba ke kirana da shi. Labaran kuma gajeru ne, lami, kowanne ya ƙare da a riƙa wanke hannu ko a gaida manya.

Na duba zaure in ga ko Yaya ta ce wani abu, sai na tarar ta fita. Na kira ta, ta amsa a daƙile. Da na gaya mata abin da na gani, sai ta ce ashe har yau ban gane ba? Baba bai taɓa iya karatu ba, lambobin tef ɗin awo kawai ya sani da sa hannunsa, hoto yake kallo ya shirya nasa. Sai ta ci gaba. Ta ce shekarar da Mama ta yi doguwar jinya, wa ya bar makaranta ya riƙe gida? Ta ce littattafan ma malamarta ce ta ba ta su ranar da ta je sallama. Ita ke karanta mini su kullum, littafi a hannu ɗaya, ludayi a ɗayan, har ta haddace su, don in daina kukan neman Mama. Ta ce ranakun da Baba ya ɗora ni a bencin nan ba su fi a ƙirga da yatsu ba, amma na shiga gaban mutane, tana ciki tana gani, na ce babu wanda ya taɓa karanta mini sai shi. Ta ce ba komai, ta kashe waya. Yanzu ko na tura mata gaisuwa, lafiya lau kaɗai nake samu.

Anti, wallahi ban tuna ba. Na matsa ƙwaƙwalwata har kaina ya yi ciwo. Ina tuna warin magani a ɗakin Mama, ina tuna yadda Yaya ke ja mini gashi in tana yi mini kitso, ina tuna ranƙwashinta. Muryarta tana karatu kuwa babu, ko ɗigo. To abin da nake gani tarwai kamar rana an ce ba haka yake ba, abin da aka ce ya faru kullum kuma ban san shi ba. Me ya rage nawa a yarintar? Jiya ina kitso na tsinci kaina ina tambayar kaina ko ma an yi bencin.

Baba yana raye, ya tsufa, yana gidan ƙaninmu. Mutum ne mai ji da kansa. Yanzu abubuwa suke ta dawo mini: jaridar da yake yawo da ita a hammata, da yadda tabarau ke ɓata duk ranar da aka kawo wasiƙa, da yadda yake miƙo mini sakamakon jarrabawata ya ce in karanta ya ji ko na iya. Wani lokaci tausayinsa ya kama ni, wani lokaci haushi, kamar an yi wasa da hankalina. Wani lokaci kuma in ce ko fushi ne ya sa Yaya ta ƙara gishiri, don fensirin nan daidai yake bin layi, na gani da idona. Ko ban gani ba?

Ga kuma autata. Ƙarama ce amma ta iya karatu, kuma bakinta babu linzami, ko malaminta ya yi kuskure sai ta gyara masa. Na daɗe ina yi mata alfahari da Kakanta. Ta kwashe littattafan ta zuba a jakarta, ta ce in mun je gaishe shi ƙarshen mako shi zai karanta mata na rijiya. In ta miƙa masa a gaban jama'ar gida fa? Mijina ya ce na ɗauki ƙaramin abu na mai da shi dutse, in bar shi ya wuce.

Shin in tambayi Baba gaskiya? In ce wa Yaya na tuna ko da ban tuna ba, a zauna lafiya? In koma zaure in wanke kaina, alhali wankewar tonon asirin ubana ce? Ko in hana yarinyar zuwa? Ban san ta ina zan fara ba.

Taki cikin ruɗani,
'Yar kafinta

AMSA

'Yar kafinta, ban yi miki dariya ba, sai dai kwaɗin nan masu sayar da takalma sun sa ni murmushi. Ki kwantar da hankalinki, ƙwaƙwalwarki lafiyarta ƙalau. Kin tuna rijiya don an ba ki labarin rijiya. Bencin gaskiya ne, muryar agwagwa gaskiya ce. Abu ɗaya kika fahimta ba daidai ba, wato inda labarin ke fitowa: kin zaci daga takarda ne, ashe daga kan mahaifinki ne. Yarinya ƙarama ba ta da yadda za ta bambance.

Haka kuma mantuwar da kika yi da karatun yayarki ba baƙon abu ba ne. Yaro ya fi riƙe abin da ke zuwa jefi-jefi da armashi, na kullum kuwa sai ya saje da wanka da cin abinci ya ɓace. Ga shi kuma lokacin kina cikin tsoron rasa uwa, irin kwanakin da zuciya ba ta son ajiyewa. Ba laifinki ba ne. Amma wannan ba ya rage mata zafi. Ki duba ta ɓangarenta: yarinya ce ita ma a lokacin, an cire ta daga aji, ta ba ki abin da ya rage mata na makaranta, sannan da girmanta ta karanta da idonta cewa ba a yi ba. Ruwa ba ya tsami banza. Don haka ban yarda da maigidanki ba. Littafin ƙarami ne, maganar ba ƙarama ba ce, kuma a cikin tambayoyinki ta Yaya ce mai gaggawa.

Ki je da ƙafarki, zuwa da kai ya fi aike. Kada ki ce kin tuna. Wadda ta raine ki ta san fuskarki in kina ƙarya, kuma za ki ƙara mata ciwo. Ki ce mata ba ki tuna ba, kin yarda da ita, kuma abin da kika rubuta ya tauye mata haƙƙi. Sannan ki roƙe ta ta ba ki labarin shekarar nan, ki yi shiru ki saurara, ko da ta haɗa da faɗa. Ki sani ita ma mai yiwuwa tana can tana cizon yatsa, don sirrin da ta rufa wa Baba shekara da shekaru ya kuɓuce mata cikin fushi. Ki tabbatar mata maganar ba za ta wuce tsakaninku ba.

Shi kuwa Baba, ban ga ribar titsiye shi ba. Haushinki na gane shi, ba wanda ke son ya gano an ɓoye masa abu. Amma ki auna: mutum ya gaji da aiki, 'yarsa ta miƙo masa littafin da ya fi ƙarfinsa, bai kore ta ba, bai ce yana da aiki ba, ya zauna ya ƙaga mata duniya guda da sunanta a ciki. Ko yana ɗan haɗa baƙi, ko bai iya ko kaɗan ba, wannan nasa ne, ya zaɓi ya rufe, a bar wa tsoho mutuncinsa. In wata rana shi ya buɗe maganar da kansa, ki karɓa da sauƙi.

Autarki kada a hana ta zuwa, kuma kada a yi mata ƙarya. Ki gaya mata tun a gida cewa kin duba, labarin rijiya ba ya cikin littafi, a bakin Kaka kaɗai yake, kuma idon tsoho ba na wahalarwa ba ne. Ita ta karanta masa na littafin, tunda tana son nuna gwaninta, shi kuma ya biya ta da na rijiya. Idan ya manta shi, ki fara masa, za ki ga ya kama ko ya ƙago sabo. In ya yarda ki ɗauki muryarsa a waya.

Zaure kuwa layi biyu ya isa. Ki ce kun yi gaskiya, na rijiya ƙagen babanmu ne don ya ba ni dariya, ainihin littattafan kuwa yayata ce ta karanta mini su, ban ba ta haƙƙinta ba. Babu ƙarya a ciki, babu tonon asiri. A gaban mutane kika rage mata, a gabansu ya kamata ki mayar. Amma sai bayan kin gan ta.

Ranar da za ki je, ki sa littafi ɗaya a jaka. Idan hira ta yi daɗi, ki miƙa mata ki ce ta karanta miki shafi guda. Wataƙila kunne ya dawo miki da abin da tunani ya kasa. Idan bai dawo ba, kin dai ji ta a wannan karon, kuma da hankalinki.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya ƙara wa Baba lafiya, ya raya miki 'ya'yanki.

Antinku