Rigar Ƙaguwa a Igiyar Shanya

Lahadi, 3 ga Satumba

Yau aka nuna kashin ƙarshe na shirin jaruman nan, Zaratan Tsibirai. Na fito da talabijin baranda, matata Romlah ta dafa shinkafa da ruwan kwakwa, yaran layinmu kaf suka cika tabarma. Jikana Sobri ne a cikin rigar Kore, ɗaya daga cikin jaruman. In an cire hular, fuskar wani ɗan gayu ake nunawa mai santsin kumatu, wanda ko ƙafa ba ya iya ɗagawa. Amma duk tsalle da duk naushi na Sobri ne. Da sunaye suka fara gudu a ƙarshe sai na kai hancina jikin gilashin. Ga sunansa, ƙarami kamar tururuwa. Ni na karanta da idona, ba wanda ya karanta mini. Allah ya saka wa malamata Bu Ratmi da ta jure mini a ajin yamma ina da furfura.

Na sa ya shanya koriyar rigar a igiyar gaban gida. Duk mai wucewa ya gani.

Talata, 5 ga Satumba

Dulloh maƙwabcina ya shigo da waya yana murmushin da na tsana. Wai, "Kong, jikanka ya yi suna." Kong ko Engkong, kaka ke nan a yarenmu. Bidiyon wani ne mai suna Yudha, ƙato mai gemu, zaune gaban kanta cike da 'yan tsana. Mutum da girmansa, aikinsa kushe shirin yara. Ya ce labarin bana ba kai ba gindi, jarumi Ja ihu kawai ya iya, babban mutum-mutumin nan kuma don a sayar wa yara kayan wasa aka kawo shi. Wannan duk ba ruwana.

Sai ya zo kan Kore. Ya rage gudun hoton. Wai ku duba, kafin bugu ya same shi ya riga ya tafi ƙasa, yana mirginawa yana jin daɗi, ga hannunsa na hagu a buɗe kamar mai cewa bismilla ku wuce. Wai bai taɓa ganin jarumin da ke marmarin shan kaye irin wannan ba. Wai a ba shi rigar dodo kowa ya huta.

Na ce wa Dulloh shayinsa ya huce, ya je gida a dafa masa wani.

Laraba, 6 ga Satumba

Na sake kallo. Don in ƙirga ƙaryarsa.

Asabar, 9 ga Satumba

Na rubuta masa amsa a ƙarƙashin bidiyon. Tun bayan azahar nake fama da yatsa ɗaya, la'asar ta same ni a kai. Na ce masa ni kakan Kore ne, ni na koya masa silat, damben gargajiyarmu, tun yana yawo ba wando. Na ce tun kafin a haifi ubansa nake tsaron ƙofar amarya a bukukuwan unguwarmu Condet, ba angon da ya shiga sai da mutanensa suka gwabza da ni. Na ce ya zo ya same ni da gemun nasa.

Romlah ta leƙo ta kafaɗata. "To a cikin gwabzawar nan sau nawa ka ci?" Ta san sarai mai tsaron ƙofa ba ya ci. In ya ci, ango ya kwana a titi ke nan? Neman magana kawai.

Litinin, 11 ga Satumba

Ya amsa. Da ladabi, abin da ya fi ba ni haushi. Wai, "Gaisuwa, Engkong. Yanzu na gane hannun nan. Ƙofa yake buɗewa." Mutane sai danna masa alamar so suke yi. Wani mara kunya ya rubuta wai Kore yana jiran ango ya wuce. Har yaran layi sun ɗauka. Na ji ɗan Dulloh yana cewa shi ba zai ƙara zama Kore ba in ana wasa.

Alhamis, 14 ga Satumba

Sobri ya dawo ya ajiye jaka ba ko sallama. Masu shirin sun ga bidiyon, har da amsata. An karɓe rigar Kore, zango mai zuwa wani za a sa. Sun ce ya zo gwaji ƙarshen wata a rigar dodo, wata ƙaguwa mai manyan hannaye. In bai burge su ba, sai ya koma haya da babur.

Na ce ba jikana da zai sa kan ƙaguwa yara su riƙa yi masa ature. Ya ce, "Kong, me ka koya mini in ba faɗuwa ba?" Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Sai kuma ya sassauta, ya roƙe ni in koya masa faɗuwar baya, wadda nake juyawa a iska in sauka da kafaɗa. Ita kaɗai ban ba shi ba, ina cewa sai ya yi aure. Na ce ba zan kai faɗuwar da na gada wurin ubana gidan ƙaguwa ba. Ya fita bai ci abinci ba. Romlah ma ta ɗauke nawa.

Duk aikin mai gemu ne.

Juma'a, 15 ga Satumba

Igiyar gaba ba komai sai zanin Romlah.

Lahadi, 17 ga Satumba

Bikin 'yar Haji Marjuki. Na ce gwiwa ta tsufa, suka ce sai ni. Na tsaya a ƙofa, muka yi jifan baiti da mai magana da yawun ango. Na ce angon nasu siriri ne, iskar fanka ma za ta mayar da shi gida. Ya ce tsohon da ke tare ƙofa ya fara neman mai tare masa haƙora. Aka yi dariya. Sai yaronsu ya shigo fili, ɗan Bang Sa'ari, yana tsoron kada ya ji mini ciwo. Na kai masa bugu biyu, na ba shi gefe, na yi faɗuwar baya. Mata suka yi ihu, masu ganga suka ƙara wuta.

Ina kwance a ƙasa na ga hannuna na hagu. A buɗe, yana nuna ƙofa. Ango ya bi ta gefensa ya shiga, uwar amarya tana share hawaye.

Ba wanda ya tafa wa ɗan Sa'ari. An manta da shi ma, ni aka zo ɗagawa.

Wannan ba ya nufin mai gemu yana da gaskiya.

Laraba, 20 ga Satumba

Kafaɗa na ciwo. Sobri yana gaishe ni kamar baƙo. Na ga yana goge babur.

Juma'a, 22 ga Satumba

Na shimfiɗa tsohuwar katifa a bayan gida, don ta sha iska. Sobri ya zo wucewa da kan ƙaguwar da hannayenta a hammata, an ba shi ya saba da su. Na ce tunda ga katifa, ya faɗi in gani. Ya faɗi kamar buhun shinkafa. Na ce kai, abin da za ka kai wa mutane ke nan? Da ka nake fara sauka ko da kafaɗa? Muka yi ta yi har kiran magariba. Da hannayen nan na roba juyin ya fi wuya, sai da muka sauya ƙafar tashi. Romlah tana taga tana cin gyaɗa. "Gidan ƙaguwa ya zo har gida," in ji ta. Ban kula ta ba.

Asabar, 30 ga Satumba

Sun ɗauke shi. Ya ce da ya sauka, mai ɗaukar hoto ya ce a sake, ba don an yi kuskure ba. Kuma duk mako sabon dodo, duk shi ne a ciki. Ya sumbaci hannuna. Na ce ya je ya yi wanka, warin roba yake.

Lahadi, 8 ga Oktoba

Masu shirin sun saki ɗan guntun tallan sabon zango. Mai gemu har ya yi bidiyo a kai. Ya ce Ja har yanzu ihu ne, sabon Kore sanda ne aka sa wa riga. Nan bai yi ƙarya ba. Faɗuwar ƙaguwar kuwa sai maimaita ta yake, wai bai san sunanta ba. Ina zai sani? Mutumin da ke zaune da 'yan tsana. Na rubuta masa cewa ta ubana ce, kuma ya daina rage gudun, yana ɓata ta. Har yanzu ban yafe masa ba.

Sobri ya wanke rigar ya shanya a bayan gida. Da Romlah ta dawo daga kasuwa ta tsaya a ƙofa, ta tambayi wanda ya dawo da ƙaguwa igiyar gaba, hannayenta har suna taɓa masu wucewa.

Rana ta fi bugawa a can.