Muryar Safiya a Kaset na Biyu

Litinin, 5 ga Oktoba, 1998

Likita ya sa rana: Talata, 27 ga wata, a Kaduna, za a cire yanar idona na hagu. Na dama an taɓa shi bara, bai dawo ba. Na tambaye shi kai tsaye ko wannan ma zai iya bin ɗan'uwansa. Ya ce, "Hajiya, sai mu yi addu'a." Shekara talatin da ɗaya ina koyarwa, na san yadda wanda bai san amsa ba yake amsawa.

Kwana ashirin da biyu.

Laraba, 7 ga Oktoba

Kaset biyu ne kaɗai nake da su na 'yata Safiya. Na farko, ranar da aka yi mini bankwana a makarantar 'yan mata ta Bungudu, inda ta tashi ta yi jawabi. Na biyu, wanda ta aiko daga Amurka, wata biyar kafin rasuwarta a can, lokacin da mijinta Isah ke karatu.

Na biyun nan ban taɓa gaya wa kowa labarinsa ba. Ranar da ya iso na mance shi a bakin taga, rana ta dafa shi har la'asar. Da na saka, hoto ya yi ta birgima, babu launi, muryarta kuma ta fito da kauri, tana jan kalma kamar mai jinya. Ni na lalata shi. Sau uku na kunna cikin shekara uku, kowane karo sai na kashe kafin ta gama sallama.

Ina so a haɗa su wuri ɗaya, in kalle ta daga farko har ƙarshe, tun ina iya gani.

Asabar, 10 ga Oktoba

Na je Sabon Gari a nan Gusau, shagon Emmanuel mai gyaran bidiyo. Ɗalibina ne a firamare, wanda na sha zaunarwa a benci na gaba saboda surutu. Yanzu furfura ta fara fito masa. Ya miƙe tsaye da ya gan ni, kamar na shigo aji.

Na ba shi umarni ya yanke zaren ɗaya ya manna a ƙarshen ɗayan. Ya ce hakan yana yiwuwa, kuma ita ce hanyar da ba ta rage komai, domin zaren asali ne ake haɗawa. Amma da ya saka na biyun, sai ya yi murmushi. Na ce, "Akwai abin dariya ne?"

"Malama, wannan kaset lafiyarsa ƙalau. Rana ba ta yi masa komai ba."

Bayanin da ya yi, na rubuta shi yadda na fahimta. Kwanson kaset iri ɗaya ne a ko'ina, shi ya sa kowane inji ke haɗiye shi. Amma yadda ake rubuta hoto a kan zaren ya bambanta: namu ana kiransa PAL, na Amurka NTSC, har gudun zaren ba ɗaya ba ne. Injina yana jan nata a hankali fiye da yadda aka ɗauka, shi ne muryar ta yi kauri. Ya ce, "Ambulan ɗaya ne, Malama, wasiƙar ce aka rubuta da harshen da injinki bai koya ba. Ko na manna su, da ya zo gaɓar zai ruɗe."

Na nemi kujera. Shekara uku.

Litinin, 12 ga Oktoba

Ashe ba muryar ciwo ba ce. To, wace murya ce? Yau na yi ƙoƙarin tuno tata ta gaskiya, sai mai kaurin nan ke zuwa.

Juma'a, 16 ga Oktoba

Hanya biyu Emmanuel ya ba ni. Ta farko, a kai Kano a juye shi zuwa irin namu. Na nemi in ga yadda juyi yake. Ya saka mini wani kaset na biki da aka juya sau uku: fuskoki sun narke, ja ya malala ya bar gefen riga, ba a bambance ido da gira. Ya ce kowane juyi sai ya ci wani abu, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Idona ya riga ya ci rabonsa. Ba zan ƙara masa wani mai ci ba.

Ta biyu, inji mai karanta tsarin biyu, wanda zai nuna shi yadda yake. Ya san guda ɗaya tak, domin shi ya share masa kan da ke karanta zare a watan jiya. Ya faɗi wurin yana kallon ƙasa: Tsafe, gidan Isah.

Ban taka gidan nan ba tun da ya dawo da jaririya a hannu, ya bar mini 'ya a ƙasar da ban san alƙiblar kabarinta ba. Ya zo gaisuwa sau tara. Sau tara na aika a ce ina hutawa.

Lahadi, 18 ga Oktoba

Na shiga motar Tsafe. A Kwatarkwashi na ce a sauke ni. Na tsaya a gindin dutse da kaset a jaka, har motar Gusau ta zo.

Ba girman kai ba ne. Ina tsoron abin da za ta ce a ciki. Idan kuka take yi, idan cewa take in zo?

Alhamis, 22 ga Oktoba

Na je.

Isah ya durƙusa tun daga zaure, bai ɗaga kai ba. "Inna, sannu da hanya." Na ce ba zama na zo yi ba, aron inji na zo. Ya haɗa wayoyin da kansa, ya jawo kujerata dab da talabijin ta ɓangaren hagu. Ban gaya masa wane ido ba ne. Wa ya gaya masa?

Ya saka kaset ɗin. Mayafin Safiya kore ne. Ni toka-toka na sani.

Dariya take yi. Tana tsaye a ɗakin girki, da ciki, tana nuna wa kyamara tukunya: "Inna, kin ga tuwon da kika ce ba zan taɓa iyawa ba. Isah, matso da shi ta gani, kada ta ce gudaji ne." Muryarta siririya, da sauri, tana haɗiye ƙarshen kalma, abin da na yi shekaru ina yi mata faɗa a kai.

Jikata, Jamila, ta shigo ta tsaya a jikin gwiwata ba tare da an ce ta zo ba. Isah ya fita waje. Na ji yana fyace hanci.

Litinin, 26 ga Oktoba

Gobe ne. Rubutuna ya karkace daga layi.

Na bar kaset ɗin biyu a Tsafe. Dalili a fili yake: can injin yake, kuma yarinya tana da haƙƙin sanin muryar uwarta. Ba a manna su ba, kowanne yana cikin kwansonsa.

Na shirya zuwa Kaduna a motar haya. Isah ya ce zai zo da tasa bayan sallar asuba. Ban ce masa to ba.

Na dai gaya wa maigadi, idan ya zo, kada a ce ina hutawa.