Na Fitar da Mahaifina Daga Ɗakin Sanyi

Malama Asiya, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle, kuma babu wanda zan faɗa wa a garin nan maganar ba ta riga ni isa gida ba.

Ni ma'aikacin wani kamfanin wayar salula ne a Ƙaura Namoda. Aikina kula da wani ɗaki marar ko taga, cike da na'urorin da kiran mutanen Ƙaura da Shinkafi da Zurmi ke bi ta cikinsu. Na'urorin nan zafi suke fitarwa kamar murhu, in kuma zafin ya yi musu yawa sai su tsaya, sabis ya ɗauke. Shi ya sa aka sa musu esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, guda biyu masu karɓa-karɓa, ga janareta ba ya hutawa. A watan da kwalta ke narkewa, ni da rigar sanyi nake aiki. Ba a son ƙura, ba a son ruwa, ba a barin ƙofa buɗe. A rufin akwai abin da ke jin hayaƙi. Da ya ji, sai wasu tukwanen ƙarfe su saki iskar kashe gobara, wadda in ta cika ɗaki mutum ba ya iya numfashi.

Mahaifinmu malami ne a Birnin Tsaba, rabin garin a gabansa suka yi karatu. Hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa ya shanye, muka dawo da shi gidan yayana Rufa'i don kusa da asibiti. Ɗakin bulo ne, rufin kwano, wutar lantarki kuwa sai an ga dama. Tun da bazara ta kama Malam bai samu barcin kirki ba, zufa kawai yake yi yana nishi. Likita ya ce a nema masa sanyi.

Wata rana Rufa'i ya biyo ni wurin aiki, na buɗe ƙofa, sanyin ya dake shi. Shi ke nan. Kafin magariba dangi duk sun ji cewa ina da ɗakin da ƙarafa ke shan sanyi, ubana yana gasuwa. Na yi bayani har bakina ya bushe, suka ce boko ne ya cinye min imani.

Makon jiya na tafi gyara Shinkafi. Mai gadinmu Sabo, wanda shi ma ɗalibin Malam ne, ya kasa ce wa Rufa'i a'a, ya ba da makulli. Kin san mu da dubiya: inda malami ya kwanta, nan gari ke komawa. Na dawo bayan azahar na tarar da takalma jibge a bakin ƙofa, ƙofar a wangale, mutane zaune tsakanin na'urori, ga butoci, ga ƙwaryar rubutu. Malam yana kan tabarma yana barci, barcin da ban ga ya yi ba tun da ya kwanta. Gwaggonmu kuma ta shigo da kaskon garwashi za ta zuba masa turaren da take yi masa a gida.

Malama, ban san lokacin da na fizge kaskon na yi waje da shi ba. Na daka wa dattawa tsawa, na cicciɓi Malam na fito da shi cikin rana a gaban ɗalibansa. Ya buɗe ido ya dube ni. Har yau in na gaishe shi sai ya juya fuska bango, kuma jikin ya ƙara tsanani.

Tun ranar na karɓe makullin. Yanzu Rufa'i ya ce in kawo shi kafin Juma'a, ko ya kai ni Hisba a kan saɓa wa iyaye, kuma in Malam ya cika kada in kusanci gawarsa. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a kowa ya iya jawo aya, ni ma na san haƙƙin uba, na kuma san amana. Ba korar aiki nake tsoro ba. Tsorona Malam ya tafi yana fushi da ni. In ba da makullin?

Ɗanki cikin damuwa, daga Ƙaura.

*

Wa'alaikumus salam, ɗana. Allah ya ba Malam lafiya.

Kada ka ba da makullin. Ɗakin ba naka ba ne, ba a ba da abin da aka ba ka ajiya. Kuma ko naka ne, ba wurin majiyyaci ba ne: da turaren nan ya taɓa garwashi, da ba Malam kaɗai za a fitar a kwance ba. Ka tuna kuma cewa ta ɗakin nan mai naƙuda a Zurmi ke kiran mota, ta nan Rufa'i kansa ke kiran likita.

Amma kada ka mai da yayanka mugu. Shi ke juya Malam, shi ke jin nishin, ya kuma ga ubansa ya yi barci a wuri ɗaya tak. Wanda ya ga haka ba ya jin bayanin na'ura. Kai ma fitar da Malam daidai ne, yadda ka fitar da shi ne ya yi ciwo. Mutumin da aka saba durƙusa wa, ɗansa ya ɗauke shi kamar kaya a gaban ɗalibansa. Ina zaton wannan ne ya juyar da fuskarsa, ba zafi ba.

Kada ka jira Juma'a. Ka je wurin limamin unguwarku, ka faɗa masa komai, ka roƙe shi ya zo da Rufa'i su ga tukwanen nan da idonsu daga bakin ƙofa. Ka sanar da shugabanka abin da ya faru kafin ya ji a bakin wani, ka nema wa Sabo afuwa, ka kuma tambaya ko akwai tsohuwar esi da za su sayar maka. Kafin nan, a fitar da Malam daga ƙarƙashin kwano. A nemi ɗakin ƙasa mai rufin azara, a rataya jiƙaƙƙen buhu a ƙofa da taga, ka ɗora fanka a kan batir, wannan ai sana'arka ce. Masu dubiya su tsaya a zaure, a riƙa shiga ɗaya-ɗaya. A koma wa likita, don tsanantar jikin ba lallai zafi ne kaɗai ba.

Ba zan ɓoye maka ba, Malam yana iya tafiya a bazarar nan ko a wane ɗaki aka kwantar da shi, kuma wasu za su ɗora maka har abada. Bakinsu ba ya hannunka. Abin da ke hannunka shi ne ka ɗauki hutu, ka durƙusa gabansa a gaban dattawan da ka yi wa tsawa, ka nemi gafara a kan tsawar da ɗaukar, ba a kan makulli ba. Sannan ka karɓi mahuci daga hannun gwaggo ka zauna. Ko ya juya bango, ka ci gaba da yi wa bayansa fifita. Ya san hannun da ke yi.

Allah ya sa ya juyo ya dube ka tun da sauran lokaci, ya haɗa kanku kai da ɗan'uwanka.

Malama Asiya