Kada a Miƙa Malam Idi Saboda Hanyar Shanu

Zuwa ga Mai Girma Jami'in da ke kula da al'amuran kan iyaka,

Ranka ya daɗe, gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Bayan haka, ni ne Habu baduku na unguwar Sheshe. Na rubuto ne a kan maƙwabcina Malam Idi, mutumin ƙasar Damagaram, wanda aka tsare tun ranar Talata, aka ce Asabar za a sa shi a mota a miƙa wa hukumar ƙasarsu.

Na farko, ina so ka san ko wane ne. Shekara shida ke nan da ya iso mana a ƙasa, bayansa duk shatin bulala. Mahaifiyata ce ta yi jinyarsa da man kaɗanya har ya iya sa riga. Abin da ya yi a can shi ne ya rubuta wa mutanen ƙauyensu takardar koke da ajami, kan hatsin da aka kwashe musu. A nan ɗinki yake yi a zaure, ya yi aure, yana da 'ya'ya mata biyu. Shi ya wanke gawar mahaifina da hannunsa.

Na biyu, da na zo ofishinka ranar Laraba, ba ka bar ni a rana ba, na gode. Ta bakin tafinta ka ce na tsallaken iyaka sun rufe hanyar shanu, kuma sun ce za su buɗe in aka ba su shi. Na lura da kake faɗa, takarda kake kallo, ba ni ba. Na san nauyin da ke kanka. Mahauta na kuka, fatake na kuka, ni kaina wata biyu ban ga fatar arewa ba. Amma wallahi ba zan iya sa basilla a fatar da aka musanya da Malam Idi ba.

Na uku, ka ce sun yi alkawarin shari'ar adalci. Wa zai bi shi ya gani? Gwamnati biyu za su gaisa, su ce an sasanta, shi kuwa wanda aka sasanta a kansa ko tambayarsa ba a yi ba.

Roƙona shi ne a dakatar da motar. In suna da ƙara, su kawo shaidunsu gaban alƙali a nan Kano. In kuwa an fi ƙarfinka daga sama, to kafin ka sa hannu, ka shiga ɗakin da yake, ka ce ya ɗaga rigarsa.

Allah ya ba ka ikon yin gaskiya, ya sauƙaƙa maka wannan nauyi, ya tsare maka taka zuriyar.

Wassalam.

Habu baduku,
Sheshe, Birnin Kano.